Ralph Tsakanin Gidan Wasa da Intanet: Me Ya Sa Fim na Farko Ya Fi Tsayawa da Ƙafarsa?

A ranar 2 ga Nuwamba, 2012, kamfanin Disney ya saki fim ɗin katun mai suna Wreck-It Ralph a gidajen sinima na Amurka, bayan shekara shida kuma, a ranar 21 ga Nuwamba, 2018, ya biyo shi da na biyu, Ralph Breaks the Internet. Rich Moore, wanda ya yi suna tun yana ba da umarni a shirye-shiryen talabijin na The Simpsons da Futurama, shi ne daraktan na farko, a na biyun kuma ya haɗa hannu da Phil Johnston, ɗaya daga cikin marubutan labarin. Duka biyun sun kawo kuɗi, duka an sa su a takarar lambar Oscar, amma duk wanda ya zauna ya kalle su a jere zai ji na farkon yana da wani nauyi da na biyun bai kai ba, alhali na biyun ya fi shi faɗi, ya fi shi kyan zane, ya kuma fi shi ciniki. A ganina asalin wannan bambanci yana cikin dokoki ne. Fim na farko ya kafa wa duniyarsa iyakoki masu tsauri, daga cikinsu labarin ya tsiro, shi kuwa na biyun ya tsallake katangar ya faɗa filin da ba shi da gefe.

Ba za a gane waɗannan dokoki ba sai an san gidan da suka fito. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar na 1980, kafin na'urorin wasa su cika gidaje, matasan Amurka da Japan kan tafi wasu shaguna ne da aka jera manyan akwatuna masu tsayin mutum, kowane akwati da allonsa da maɓallansa da wasa ɗaya tak a cikinsa, kuma sai ka jefa masa sulalla ta wata 'yar kafa kafin ya ba ka dama. A wannan zamani ne Space Invaders ya fito a 1978, Pac-Man a 1980, sai Donkey Kong a 1981, wanda a cikinsa Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo ya fara fito da gajeren mutumin nan mai gashin baki da daga baya duniya ta sani da Mario. Wanda ya san shagon gem na unguwa, inda yara ke biyan kuɗi su karɓi hannun PlayStation na ɗan lokaci, ya san rabin abin. Sauran rabin shi ne a can kowane wasa akwati ne mai cin wuri da cin wuta, don haka ranar da ya daina kawo sulalla mai shago zai zare wayarsa daga bango, ya tura shi waje, ya kawo wani.

Wannan gaskiya ta kasuwanci ce marubutan suka mayar dokar rayuwa da mutuwa. Labarin yana faruwa ne a shagon wani dattijo, Mista Litwak. Idan ya rufe da daddare, mutanen da ke cikin wasannin sukan ajiye aiki su bi ta cikin wayoyin lantarki zuwa wata babbar tasha, wadda ba komai ba ce illa doguwar soket mai bakuna da yawa da aka jona akwatunan duka a jikinta. Suna da 'yancin ziyartar juna, amma bisa sharuɗɗa. Wanda ya mutu a cikin wasansa zai farfaɗo, wanda ya mutu a wasan wani ya tafi ke nan. Dole kowa ya koma bakin aikinsa kafin a buɗe shago, domin idan yaro ya jefa sulalla ya tarar wani ba ya nan, za a manna wa akwatin takardar cewa ya lalace, washegari a zare wayarsa. Waɗanda aka zare wa waya kuwa sun zama marasa gida, kuma fim ɗin ya nuna Q*bert, tauraron wani wasa na gaske da ya fito a 1982, zaune a gefen tashar da kwali a gabansa yana jiran abin da mai wucewa zai miƙo masa. Cikin mintuna kaɗan yaro ɗan shekara bakwai ya riga ya san abin da ake tsoro a wannan duniya, ya kuma san cewa agogo yana tafiya.

A cikin wannan tsari aka sa Ralph, ƙaton mutum mai manyan hannuwa, wanda shi ne mugu a wani tsohon wasa da aka ƙirƙira domin fim ɗin, Fix-It Felix Jr., mai kama da Donkey Kong ta fuskar fasali. Aikinsa shi ne ya hau bene ya farfasa tagogi, Felix ya bi baya da gudumarsa ta sihiri yana gyarawa, idan aka ci wasan mazauna benen su ba Felix lambar yabo, shi kuma Ralph su ɗaga shi su jefo shi daga rufi zuwa cikin taɓo. Shekara 30 yana wannan. Da daddare kowa ya shige ɗakinsa mai fitila, shi kuwa ya hau juji ya kwanta a kan tarin bulon da hannunsa ya rusa, ya jawo wasu ya lulluɓa da su. Ranar bikin cika shekara 30 ba a gayyace shi ba, da ya kutsa kai kuma sai ya tarar da kek mai siffar benen, an ɗora 'yan gumakan kowa a sama, nasa kuwa an ajiye shi a ƙasa cikin taɓon cakulan. Abin da ya sa wannan ya ratsa manya fiye da yara shi ne Ralph ma'aikaci ne, wanda ba don shi ba babu wasan, tun da idan ba a fasa ba babu abin gyara, amma mutanen da ke cin abinci da guminsa sun kasa bambanta aikinsa da halinsa. Hatta motsin mazauna benen an yi shi ne a ƙage, tsalle-tsalle kamar na wasannin da, abin da ya saba wa duk abin da masu zanen Disney suka koya game da laushin motsi, kuma wannan ya ƙara musu kamannin mutanen da tunaninsu bai taɓa fita daga layi ɗaya ba.

Abin da aka fi tallata fim ɗin da shi a lokacin shi ne taurarin aro. Akwai zaman da miyagun wasanni ke yi don faɗa wa juna damuwarsu, a ɗakin fatalwowin Pac-Man, inda aka ga Bowser na Nintendo da Dokta Eggman na Sega da Zangief da M. Bison na Capcom a da'ira ɗaya. Haɗa irin waɗannan a hoto guda aiki ne na lauyoyi kafin ya zama na masu zane, domin kowanne dukiyar wani kamfani ce mai kishin abinta, kuma masu fim ɗin sun ba da labarin yadda aka riƙa aiko musu da gyara har a kan girman jikin Bowser da yadda zai riƙe kofinsa. Disney ya taɓa shiga irin wannan ciniki a 1988, a fim ɗin Who Framed Roger Rabbit, inda kamfanin Warner bai ba da Bugs Bunny ba sai da sharaɗin cewa zai samu lokaci daidai da na Mickey Mouse. Darasin da ke ciki a fili yake: tauraron aro ba ya iya canzawa. Ba za a bari Bowser ya tuba ba, ba za a bari Sonic ya ci amanar aboki ba, domin gobe akwai wasan da za a sayar da sunansu. Saboda haka Moore da marubutansa, Johnston da Jennifer Lee, suka ajiye su a gefe a matsayin ado da shaida cewa duniyar ta gaske ce, suka ɗora nauyin labarin a kan waɗanda suka ƙirƙira da kansu, wato Ralph da Felix da Saja Calhoun da wata yarinya mai suna Vanellope. Mario kansa bai fito ba, an dai ambaci sunansa sau ɗaya an wuce, kuma fim ɗin bai rasa komai ba.

Inda amfanin dokokin ya fi bayyana shi ne a tsakiyar labarin. Ralph ya bar wasansa don neman lambar yabo, ya samo ta a wani wasan harbe-harbe, ya faɗa da ita cikin Sugar Rush, wasan tseren motoci da aka gina komai nasa da alewa da biskit. A can ya haɗu da Vanellope, wadda ke da tangarɗa a rubutun manhajarta, jikinta yana ɓacewa yana dawowa, sauran yara suna tsangwamarta, sarkin wasan kuma ya hana ta shiga tsere. Akwai wata doka da ta shafe ta ita kaɗai: mai tangarɗa ba ya iya fita daga wasansa. Bayan Ralph ya taimaka mata sun ƙera mota, sarkin ya same shi a keɓe ya jera masa hujja. Idan ta yi tsere 'yan wasa za su ga tangarɗar, za su ce akwatin ya lalace, za a zare waya, kowa zai gudu tasha, ita kaɗai za ta rage a ciki ta mutu. Kowace gaɓa ta wannan hujja ta dace da abin da mai kallo ya riga ya sani, don haka lokacin da Ralph ya rataye yarinyar a reshe ya sa hannu ya ragargaza motar da suka yi tare, tana kuka tana roƙonsa, mu ma ba mu da amsar da ta fi tasa. Ya yi aikin da ya iya, wato rusawa, a karo na farko saboda ƙauna, kuma a nan ne ya fi kowane lokaci kama da mugu. Daga baya ne ya hango hotonta a jikin akwatin daga waje ya gane cewa ita asalin 'yar gida ce, sarkin ne baƙo.

Akwai wata tuhuma da ake yi wa fim ɗin wadda bai kamata a share ta ba. A ƙarshe Ralph ya koma bakin aikinsa, ana ci gaba da jefo shi daga rufi, shi kuma babban mugun labarin, Turbo, wanda shi ne ya ɓad da kama ya zama sarkin Sugar Rush, laifinsa na asali shi ne ya bar wasansa ya kutsa na wasu saboda hassada, har sunansa ya zama abin tsoratarwa ga duk mai tunanin fita. Wasu na ganin saƙon shi ne kowa ya tsaya inda aka ajiye shi. Ban yarda da wannan fassara gaba ɗaya ba, ko da yake tana da ƙafa. Abin da ya canza a ƙarshe shi ne mutanen da ke kewaye da Ralph, waɗanda sai da ya tafi aka manna wa akwatinsu takarda sannan suka san darajarsa, kuma shi da Felix sun buɗe ƙofar wasansu ga Q*bert da sauran marasa gida, suka gina musu wurin zama. Turbo ya fita ne don ya ƙwace, ya kawar da Vanellope ya hau kujerarta. Duk da haka tambayar tana nan, domin fim ɗin bai ba Ralph zaɓin barin aikin ba ko da yana so, kuma da alama marubutan sun ji nauyinta, tun da a kanta suka gina fim na biyu.

An kashe wa na farkon kimanin dala miliyan 165, ya dawo da fiye da miliyan 470, Brave na Pixar ya kayar da shi a Oscar, amma ya ci lambar Annie ta gwarzon fim ɗin katun na shekarar.

Na biyun ya buɗe da kyakkyawar dabara wadda har yanzu take cikin tsohuwar doka. Sitiyarin akwatin Sugar Rush ya karye, kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da rufewa, guda ɗaya da ya rage yana shafin gwanjo na eBay a kan dala 200, kuɗin da Litwak ya ce ya fi abin da wasan ke kawowa a shekara. Sai ya zare waya. Ralph da Vanellope suka bi ta sabuwar na'urar intanet da ya jona, suka shiga gwanjo ba tare da sun san ma'anar kuɗi ba, suka yi ta ƙara wa juna farashi har dala 27,001, aka ba su awa 24 su biya. Har zuwa nan akwai agogo, akwai abin tsoro. Matsalar ta fara ne daga lokacin da labarin ya zauna a cikin intanet sosai, domin a can babu lokacin rufewa, babu mai shago, babu wayar da za a zare, kuma duk buƙatar da ta taso akwai shafin da zai biya ta. Ana neman kuɗi, sai ga dandalin bidiyo da wata mata mai suna Yesss, wadda ita ce tsarin lissafin da ke zaɓa wa mutane abin kallo, Ralph ya yi ta kwaikwayon abubuwan da ke tashe har kuɗin ya taru. Ana neman hanyar ɓata wasa, sai ga lungun intanet mai duhu da mai sayar da ƙwayar cutar kwamfuta. Mai kallo ba ya iya hasashen abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba, kuma inda komai zai yiwu fargaba ba ta samun wurin zama.

Matsayin kayan aro ma ya juya. Kada a ce na farkon ya tsira daga talla, domin akwai Oreo da Mentos da Nesquik a cikinsa, har Mentos ya shiga warware labarin. Amma a na biyun birnin da kansa an gina shi ne da sunayen kamfanoni, Google da Amazon da Twitter da sauransu, kowanne da dogon beninsa, sannan aka ware wani dogon sashe aka kai Vanellope shafin Disney kansa, inda sojojin Star Wars ke sintiri, taurarin Marvel ke amsa tambayoyi. Disney ya sayi Pixar a 2006, Marvel a 2009, Lucasfilm a 2012, kuma wannan sashe baje kolin abin da ya tara ne. Zaman Vanellope da gimbiyoyin Disney 14, wanda aka dawo da yawancin matan da suka yi muryoyinsu na asali dominsa, yana da daɗi ƙwarai, har ya fi sauran fim ɗin yawo a bakin mutane, amma ya tsayar da tafiyar labarin ne domin kamfani ya yi wasa da tarihinsa. Ya kuma zo da wani abin dubawa, tun da yarinyar da a ƙarshen fim na farko ta tuɓe rigar gimbiya ta ce ta fi son a kira ta shugabar ƙasa, ita ce aka shigar layin gimbiyoyi a na biyu.

Sai dai adalci ya wajaba, domin a zuciyar fim na biyu akwai wani abu da ya fi na farko ƙarfin hali. Babu mugu daga waje. Vanellope ta gaji da hanyoyin tsere uku da ta haddace, ta ga wani wasan intanet mai haɗari, Slaughter Race, ta ga Shank, matar da ke tuƙi a cikinsa, ta ji nan ne wurinta. Ralph, wanda ya shekara 30 ba shi da aboki kafin ya same ta, ya kasa jure tunanin rabuwa, har ya saki ƙwayar cuta a wasan don ya gundure ta ta dawo. Aikin ƙwayar shi ne ta nemo rauni ta yi ta kwafarsa, sai ta samu mafi girman rauni a cikin Ralph kansa, ta haifi dubban irinsa masu bin yarinyar suna kiran ta abokiyarsu, suka dunƙule suka zama dodo guda. Ba kasafai fim ɗin yara ke cewa mai ƙaunarka zai iya zama mai danne ka ba, kuma maganin da aka bayar shi ne ya sake ta. Iyayen da ɗansu ya samu karatu ko aiki a nesa sun san wannan ciwo, kuma na tabbata da yawa daga cikinsu sun gane kansu a cikin ƙaton nan fiye da yadda 'ya'yansu suka gane.

Amma don a kai ga wannan ƙarshe sai da aka taka dokokin da suka riƙe fim na farko. Vanellope ta bar wasanta ta zauna a na wasu, wanda shi ne ainihin abin da aka shekara ana tsoratar da kowa da shi da sunan Turbo, kuma labarin bai tsaya ya fuskanci wannan da gaske ba. An ce Sugar Rush yana da matuƙa da yawa, ba za a lura da rashinta ba, alhali hotonta ne a jikin akwatin. Dokar mutuwa a wajen gida kuwa an warware ta da jimla ɗaya, cewa Shank ta shigar da ita cikin rubutun wasan. Da an bar wa wannan zaɓi tsadarsa, da an nuna abin da tafiyarta ta jawo wa waɗanda ta bari, da rabuwar ta fi haka nauyi, da kuma an ba tuhumar da ake yi wa fim na farko amsa ta gaskiya.

Akwai kuma batun tsufa. Gidan wasa na sulalla ya riga ya zama tarihi tun kafin 2012, don haka babu abin da zai ƙara tsufa a cikinsa, intanet ɗin 2018 kuwa yana canza fuska kowace shekara. Shuɗin tsuntsun Twitter da ke shawagi a fim ɗin an sauke shi a 2023, raye-raye da barkwancin da Ralph ya kwaikwaya kuma yaran yau ba su san su ba. Duk da haka fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 529, Spider-Man: Into the Spider-Verse ne ya sha gabansa a Oscar.

Abin da ya biyo baya a masana'antar ya bi wata hanya dabam da wadda Ralph ya nuna. Nintendo ya ƙone hannunsa a 1993, lokacin da aka yi fim ɗin Mario da mutane na gaske, Bob Hoskins ya fito a matsayin Mario, fim ɗin ya faɗi warwas, kamfanin kuma bai sake barin a yi babban fim da tauraronsa ba sai bayan shekara 30. A 2019 masu son Sonic suka yi ca a kan siffar da aka ba shi a tallar farko, har kamfanin Paramount ya ɗage fim ɗin zuwa Fabrairun 2020 ya sake zana shi yadda suka san shi. Da The Super Mario Bros. Movie ya fito a Afrilun 2023, Miyamoto da kansa yana cikin furodusoshi tare da Chris Meledandri na Illumination, sai ya tara fiye da dala biliyan 1.3, wato sama da finafinan Ralph biyu a haɗe, duk da cewa masu sharhi da yawa sun ce labarinsa ba shi da kauri. Kamfanonin wasa sun gane cewa ba sa buƙatar ba da aron taurarinsu su zauna a gefen labarin wani, za su iya sa su a tsakiya su riƙe linzami, masu kallo kuma su biya don ganin abin da suka riga suka sani an yi shi daidai. Wannan nasara ce ta gaske, kuma farin cikin yaron da ya ga Mario a babban allo ba abin rainawa ba ne. Sai dai Mario ba zai taɓa ragargaza motar yarinya tana kuka ba, domin mai shi ba zai yarda ba, kuma irin wannan fage sai tauraron da aka haifa domin labarin, wanda marubuci ke da ikon ya ɓata shi ya gyara. Rich Moore ya bar Disney a 2019 ya koma Sony Pictures Animation, Jennifer Lee kuwa, wadda Ralph ne fim ɗinta na farko a kamfanin, ta wuce ta rubuta Frozen ta kuma ba da umarninsa tare da Chris Buck, daga baya ta shugabanci sashen ƙirƙira na gidan katun ɗin Disney baki ɗaya daga 2018 zuwa 2024.